Wanda Yake Zuwa da Hantsi

Bayan Inna Rakiya ta fita takaba, ɗanta Umar Farouk ya je Funtuwa ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa a Orozo da ke gefen Abuja. Dalilinsa mai kyau ne: tana fama da hawan jini, kuma yana so ta riƙa ganin likita a kan kari. Gidan madaidaici ne, a bayan gari inda har yanzu ake shuka masara da rogo a tsakanin gidajen da ba a gama ginawa ba. Shi yana aiki a wata ma'aikatar tarayya a Sakatariya. Yakan fita da sassafe don ya riga cunkoson Nyanya, ba ya dawowa sai dab da Magariba. Matarsa Hafsah ce ke yini da tsohuwar, ita da jaririyarsu Nabilah.

Umar Farouk ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. In tana son wani abu a wurinsa, ko da yana zaune a gabanta, sai ta dubi Hafsah ta ce, "Ki ce wa wancan sabuluna ya ƙare." Shi kuma ya amsa wa Hafsah, ko ya amsa wa bango. Haka ya tashi ya gani, bai taɓa jin abin ya dame shi ba.

Ranar da ta iso, ya buɗe jakarta don ya jera mata magungunan asibiti, sai ya tarar da ƙulle-ƙullen sassaƙe da saiwoyi a ƙasan zannuwa. Likita ya riga ya gargaɗe shi kada a haɗa mata magani da jiƙe-jiƙe. Ya tattara su duka a leda ya kai bola. Inna tana zaune a bakin gado tana kallon ƙasa.

Zaman Abuja bai karɓe ta ba da farko. Barci ya ƙaurace mata. Da rana tana ta kai-kawo a tsakar gida da carbi a hannu. In babur ya wuce da ƙarfi sai ta dafe ƙirji. Kusan kullum da safe takan ɗaure kayanta a zani ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce wa Hafsah, "Ki ce wa wancan ya sa ni a mota." Shi kuwa sai ya ce a ba ta haƙuri, ya kunna motarsa ya fita. A bakin ƙofa yakan tarar da maƙwabciyarsu Christina tana shara. 'Yar Filato ce, tana da ɗan shagon kayan masarufi a jikin gidanta, kowa a layin yana ce mata Maman Israel.

"Oga Baban Nabilah, ina kwana," takan ce. "Yaya Mama, ya tashi lafiya?"

Yakan yi murmushin irin Hausarta, ya ce, "Lafiya lau, Madam," ya wuce.

Da damina ta yi nisa, sai abubuwa suka canja. Inna ta daina ɗaure kaya. Ta fara cinye tuwonta. Bayan Azahar takan kwanta ta yi barci mai nauyi har La'asar. Ya lura da haka ne ranakun Asabar da Lahadi da yake gida, ya kuma gode wa Allah. Wata rana suna cin abinci a rumfar mai tuwo ta bayan ofis, ya ba abokin aikinsa Abdulmajeed labari, don dai ya raba farin cikin da wani.

Abdulmajeed mutum ne da ba ya rasa labari a baki. Ya tsaya da loma a hannu. "Haka kawai ta daina maganar komawa gida?"

"Haka kawai."

"Kuma barci da rana?"

"Tsufa ne, Malam."

"Allah Ya sa." Ya kai lomar baki, ya tauna a hankali. "Ni dai a unguwarmu an yi wata. Surukarta ta ishe ta da magana, sai ta riƙa tsiyaya mata maganin tari a kunu, irin mai sa maye ɗin nan. Tsohuwa ta zama kamar tunkiya, sai barci. Miji yana ta yabon matarsa, wai ta iya riƙon tsofaffi. Ban ce taka haka take ba fa. Amma ruwa ba ya tsami banza."

Umar Farouk ya yi dariya, ya ce masa bakinsa ba ya faɗin alheri. Amma da ya shiga cunkoso a hanyar gida, maganar ta shigo motar ta zauna kusa da shi.

Daga ranar ya fara sa ido. Ya ga wani ƙaramin filas shuɗi da bai san da shi ba a gidan. Hafsah takan kai shi ɗakin Inna a ƙarƙashin mayafinta, ta fito da shi a haka. Ranar Juma'a da ya dawo da wuri, ya shiga kicin neman ruwa, ya tarar da filas ɗin a wanke, amma murfin yana da wani ƙanshi kamar na ɗanyar ciyawa. Ya ɗaga kai, ya hango faifai a saman kabad. Ya sauko da shi. Ganyaye ne aka shanya, kowanne ya rabu gida uku kamar sawun kaza, da wasu 'yan zaruruwa masu lanƙwasa.

Hafsah ta shigo da Nabilah a baya. Da ta ga faifan a hannunsa sai ta tsaya cak.

"Mene ne wannan?" ya tambaya.

"Ganye ne."

"Na gani ai. Na miya ne?"

"A'a." Ta gyara goyonta. "Abban Nabilah, ka ci abinci kuwa? Bari in ɗumama maka."

Ya mayar da faifan, amma ya zare ganye ɗaya ya sa a aljihu.

Bai sha wahalar nema ba. Washegari da safe ya fito ƙofar gida, idonsa ya sauka a kan katangar Christina. Wata shuka mai yaɗo ta rufe ta daga sama har ƙasa, ta hau wayar shanya, ta yi rumfa a gefen shago. Ya daɗe yana wuce ta bai taɓa dubanta da kyau ba. Furenta fari ne, da zagayen siraran zare masu ruwan shuni a tsakiya, ga 'ya'ya koraye kamar ƙwai suna reto. Ya fito da ganyen aljihunsa ya gwada. Shi ne.

Christina tana jera burodi a kan tebur, mijinta Thaddeus yana wanke mota a gefe.

"Oga, yau an huta ke nan," ta ce.

"An huta, Madam. Wannan shukar taku ce?"

"Namu ne. Maigida ya kawo iri daga Jos. Ka ɗauki 'ya'yan idan ya nuna, yana da tsami amma da daɗi."

"Ganyen fa? Me ake yi da shi?"

"Ah, ganyen magani ne. Idan zuciya yana bugawa, tunani ya yi yawa, sai ka dafa kaɗan kamar shayi ka sha. Jiki zai yi sanyi, barci zai zo. Ba a sa da yawa."

"Barci," ya maimaita. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata busasshen ganyen. "A kicin ɗina na samu wannan. Wa ya kai shi?"

Christina ta ajiye burodin. Ta dubi mijinta, shi kuwa ya ci gaba da goge gilashi kamar bai ji ba.

"Oga, ni na yi alkawari ba zan kira suna ba."

"Matata ce ta zo ta tambaya?"

"Ba madam ba ne. Shi da kansa ne yana zuwa." Ta rage murya. "Idan ka tafi aiki, rana ya ɗan tashi, sai ya zo ya tsinka. Wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci shi da madam. Su zauna a nan ƙarƙashin inuwa suna hira, har da dariya. Ya roƙe ni, ya ce don Allah kar oga ya sani. Ka yi haƙuri, oga, mutumin kirki ne, ba ya neman fitina."

Umar Farouk ya mayar da ganyen aljihu. Ya yi ƙoƙari muryarsa ta fito daidai. "Ya daɗe yana zuwa?"

"Tun farkon ruwa."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Yaya sunan shukar?"

Thaddeus ne ya amsa daga bayan mota. "Ban san shi da Hausa ba. Passion flower ake ce masa."

Umar Farouk ya yi karatu, ya san abin da kalmar farko take nufi a littattafan da ya karanta: sha'awa, so mai zafi. Ya yi musu godiya, ya koma gida a hankali.

Mutum ne mai tsari, ko a ofis an san shi da haka. Ya zauna a falo ya jera abubuwan a ransa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake jera takardu a fayil. Ga ganye mai sa barci. Ga tsohuwa da ta koma barcin rana. Ga namiji da ke zuwa in mai gida ya fita, wanda ya roƙi a ɓoye. Ga sunan shukar. Da ya gama jerawa, sai ya ga babu wata kafa da ta rage. Ana kwantar da uwarsa ne don a samu sarari. Ya yi ta'awizi, ya tuna cewa wani zaton zunubi ne, amma ya kasa ture abin da ya ji da kunnensa daga bakin matar da ba ta da dalilin yi masa ƙarya.

Ranar Lahadi bayan Azahar, da ya tabbata Inna ta kwanta, ya kira Hafsah ɗaki ya rufe ƙofa.

"Ganyen nan Inna kike ba wa?"

"Tana sha."

"Ban ce kada a ba ta komai ba sai na asibiti?"

"Ka ce."

"To me ya sa kika ɓoye mini?"

"Alkawari na ɗauka, Abban Nabilah. Ka ba ni zuwa gobe in nemi izini, sai in gaya maka komai."

"Izini." Ya yi wata gajeriyar dariya. "A gidana? Akwai wanda ya fi ni iko a gidan nan da za ki nemi izininsa?"

Ta ɗago ta dube shi. "Akwai."

Wannan kalmar ce ta ƙarasa shi. Ya ce, "Wanda yake zuwa in na fita, shi ne ya fi ni ko?"

Da farko ba ta gane ba. Ta haɗe gira tana neman ma'anar maganar. Sannan ya ga lokacin da ta gane, domin fuskarta ta sauya, ta ja da baya har ta jingina da ƙofa.

"Ni kake gaya wa haka?"

"An faɗa mini, Hafsah. Ba ƙirƙira na yi ba."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba wannan na tambaye ki ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, a hankali don kada Inna ta ji, "In har zuciyarka ta iya ɗaukar wannan a kaina, to ba ni da amsar da zan ba ka."

"Shi ke nan. Ki shirya, ranar Asabar in kai ki Zariya ki kwana biyu a gida."

Duk su biyun sun san abin da kwana biyu a gida yake nufi, da inda yakan kai. Ta buɗe ƙofa ta fita, ta je ta ɗauki Nabilah da ta fara motsi.

Ranar Litinin ya fita a lokacin da ya saba. Amma da ya kai kwanar titin Karshi sai ya ajiye motar a gindin mangwaron mai faci, ya kira ofis ya ce zai makara. Ya dawo da ƙafa ta cikin gonar masara, raɓa tana jiƙa masa ƙafar wando. Akwai wani kango da ke fuskantar layinsu, an kai ginin saman taga aka bar shi ba rufi. Ya shiga ya tsaya a bayan taga, inda yake hango ƙofar gidansa da rumfar Christina gaba ɗaya.

Ya ji kunyar kansa a tsayen nan, babban ma'aikaci da riga mai guga yana laɓe cikin kashin awaki. Amma ya ce gara ya gani da idonsa, in ya so ko a gaban iyayenta yana da abin faɗa.

Masu zuwa aiki suka gama wucewa. Mai ruwa ya turo kurarsa, ya sauke wa Christina jarka, ya yi gaba. Umar Farouk ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Wani mai babur ya tsaya ya sayi katin waya, shi ma ya tafi bai ko dubi katangar ba. Kowane namiji da ya shigo layin, sai ya kafe shi da ido. Rana ta ɗaga, hantsi ya dubi ludayi.

Sai ƙofar gidansa ta buɗe. Inna ce ta fito, da mayafinta ruwan toka, da ɗan kwanon sha a hannu. Ta dubi dama da hagu, ta tsallaka kwata a hankali tana dafa bango, ta nufi rumfar. Christina ta fito da kujera 'yar tsuguno tana dariya. Inna ba ta zauna ba tukuna. Ta tsaya a jikin katangar tana zaɓen ganye, tana tsinkar masu taushi na kusa da kan reshe, tana sa wa a kwano. Da ta gama ta zauna, suka shiga hira. Daga inda yake ba ya jin abin da suke cewa, amma ya ga kafaɗun uwarsa suna girgiza. Tun rasuwar mahaifinsa bai ga dariyarta ba.

Ya ci gaba da jira. A ransa yana cewa wataƙila yau mutumin ya aiko tsohuwar ne, ko kuma yana nan tafe. Ya jira har ƙafarsa ta yi tsami. Babu wanda ya zo.

Daga ƙarshe ya fito daga kangon, ya tsallaka layin. Christina ce ta fara ganinsa. Ta dafa ƙirji ta miƙe.

"Mama, oga ya kama mu." Ta juyo gare shi, ta nuna Inna da hannu biyu. "To ga shi nan, oga, ka gan shi da kanka. Ni dai ban kira sunansa ba. Mama, ka gaya masa ban kira sunanka ba."

Umar Farouk ya tsaya. Ya dubi uwarsa, ya dubi Christina.

"Shi?" ya ce. "Wanda kika ce yana zuwa in na tafi aiki?"

"Shi ne mana. Wane ne kuma?"

Kullum da safe matar nan tana tambayarsa ko Mama ya tashi lafiya, kullum yana murmushi. A kasuwar Karu ya sha jin an ce mace ya zo, yarinya ya tafi, har yakan kwaikwaya wa Hafsah su yi dariya. Rana ɗaya da ya kamata ya tuna, ranar ce ya manta.

Inna ta kawar da kai, ta ja mayafi ta rufe kwanon, kamar yarinyar da aka kama da ƙuli-ƙuli a aji. Ta yi magana tana fuskantar Christina.

"Ki ce masa ni na nema. Na ga kina dafa wa mijinki, na tambaye ki. Ki ce masa tun da malam ya rasu idona bai san barci ba, kuma ba abin da uwa za ta zauna tana gaya wa ɗa ba ne. Na farko ya zubar mini a bola. Na ji tsoro ya zubar da wannan."

"Oga, ka ji abin da ya ce," in ji Christina.

"Na ji." Ya durƙusa a gefe, bai matsa kusa ba. Bai san abin da zai ce ba, sai ya ji bakinsa ya tambayi abin da ya fi sauƙi. "Madam, sunan nan da mijinki ya faɗa, me ya sa ake kiran shukar haka?"

Ta tsinko fure ɗaya ta nuna masa zagayen zaren. "A coci an koya mana. Wahala ne ma'anarsa, wahalar Yesu. Ka ga wannan, kamar hular ƙaya. Shi ya sa."

Inna ta leƙa furen ta gefen mayafi. "Ganye dai na Allah ne," ta ce wa kwanonta.

Suka koma gida, tana gaba yana biye a nesa kaɗan. A falo suka tarar da akwati a tsaye bakin ƙofa, da jakar kayan jaririya a kai. Hafsah tana zaune a hannun kujera da hijabinta, Nabilah a cinya. Ba ta jira Asabar ba. Da ta ga mijinta a bayan Inna, da wandonsa jiƙe da raɓa da ƙaiƙayin masara, ta gane inda ya fito, ta mayar da idonta kan jaririyar.

Inna ta dubi akwatin. "'Yar nan, ina zuwa?"

"Gida, Inna. An ce in je in kwana biyu."

"A kan ganye?"

Hafsah ta gyara wa Nabilah zama a cinya. Umar Farouk ya ga cewa ko yanzu ba za ta tona shi ba, kuma in ya yi shiru maganar za ta tsaya a kan ganye. Ya dubi bango, kamar yadda ya saba in zai yi wa uwarsa magana.

"Ba a kan ganye kaɗai ba ne. Maman Israel ta ce mini wani yana zuwa in na fita. Ta ce shi. Ban tsaya na yi tunani ba, na ɗauka namiji ne. Na kuma faɗa wa Hafsah haka a fuskarta."

Inna ta daɗe a tsaye. Sannan ta ajiye kwanon a kan tebur, ta zauna kusa da surukarta.

"Ki ce wa wancan," ta fara, sai ta tsaya, domin Hafsah ta girgiza kai.

"Ki yi haƙuri, Inna. Yau ba zan iya kai saƙo ba."

Tun zuwan Inna gidan, duk maganar da ta wuce tsakanin uwa da ɗa ta bakin Hafsah ta bi. Inna ta dubi ƙofa, ta dubi taga, babu wanda za ta aika. Sai ta sunkuya ta kama ƙafar Nabilah, ta yi wa jaririyar magana.

"Ke, ki ce wa ubanki, yarinyar nan ta roƙe ni ba sau ɗaya ba in bari ta gaya masa, ni na hana. Ki ce masa ita ke tashi ta zauna da ni in gabana yana faɗuwa. In akwatin nan ya fita daga gidan nan, nawa ma yana bayansa, kuma wannan karon ba sai an sa ni a mota ba."

Nabilah ta kama yatsan kakarta ta kai baki.

Umar Farouk ya matso ya tsuguna a gaban matarsa. "Hafsah, na zalunce ki. Ba ni da hujja. Ki yafe mini."

"Da ka ce na ɓoye maka abu, da na amsa laifina," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. "Na ɓoye. Kuma raina bai kwanta ba, don ban san ko ganyen yana jituwa da ƙwayoyinta ba. Na so in tambayi likita, amma kai kake shiga da ita ɗakin, ni ina waje da goyo. Wannan duk da ka faɗa da na ɗauka. Amma ɗayar maganar..." Ta haɗiye sauran.

"Na sani. Magana zarar bunu ce."

"To ka san ba ta komawa."

"Na sani."

Bai ƙara roƙo ba, don ya ga ƙarin zai zama kamar yana neman a sallame shi da wuri. Ya miƙe, ya ɗauki kwanon ganyen ya duba, ya ajiye shi a inda yake.

"Ranar ganin likita za mu tafi da shi," ya ce wa bango. "Mu nuna masa, mu gaya masa yawan da ake dafawa, da barcin ranar nan. In ya ce a ci gaba, ni da kaina zan roƙi iri in shuka a bayan gida. In ya ce a rage ko a bari, sai a yi haƙuri a bi. Kuma Hafsah ce za ta shiga da ke, ita ta san yadda kike kwana."

Inna ta yi kamar ba da ita ake ba, amma ta gyaɗa wa Nabilah kai.

Ya kai hannu kan akwatin, ya tsaya yana duban matarsa. Ba ta ce ya mayar ba, ba ta ce ya bari ba. Ya janye hannunsa ya bar shi a wurin, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

Can Inna ta tura kwanon gaban Hafsah. "Tashi ki ɗora mana, 'yar nan. Ki ƙara ruwa kaɗan. Akwai wanda na ga idonsa ya yi ja, da alama shi ma ya kwana biyu bai runtsa ba."

Hafsah ta miƙa wa Inna jaririyar, ta cire hijabinta ta rataye, ta shiga kicin. Suka ji ƙarar ashana, suka ji ruwa ya fara tafasa, ƙanshin ɗanyar ciyawa ya shigo falon. Da ta fito, kofi biyu ne a kan tire. Ta durƙusa ta miƙa wa Inna nata a hannu. Ɗayan kuwa ta ajiye shi a ƙasa, ɗan nesa da shi, inda sai ya miƙa hannu sosai kafin ya kai. Sannan ta ja akwatin daga bakin ƙofa ta jingine shi a lungun falo, ba ta buɗe shi ba.

Umar Farouk ya miƙa hannu ya ɗauki kofin. Yana da ɗan bauri, ba daɗi sosai. Ya shanye duka.